Karin Maganar Romawa: Tambayoyi da Amsoshi Kan Hikimomin Harshen Latin

Wanda ya taɓa zama a kotu ya ji lauya ya jefa wata magana da ba Turanci ba, ko ya duba bajen wata tsohuwar makaranta ya ga rubutun da ya gagare shi, to ya riga ya yi gamo da Latin. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi kan waɗannan gajerun maganganu: inda suka fito, yadda ake furta su, da inda ake yin tuntuɓe wajen amfani da su.

Wane harshe ne Latin, kuma su wa suka bar mana waɗannan maganganu?

Latin harshen mutanen birnin Roma ne da ƙauyukan da ke kewaye da shi a tsakiyar Italiya, yankin da ake kira Latium. Da daular Roma ta faɗaɗa, sai ya zama harshen mulki da shari'a daga Birtaniya har Arewacin Afirka. Daga jikinsa Faransanci, Italiyanci, Sifaniyanci, Fotugis da Romaniyanci suka tsiro, haruffansa ne kuma muke rubuta Hausar boko da su.

Idan masana suka ce Latin na asali, suna nufin na ƙarni na ɗaya kafin Miladiyya zuwa wajen ƙarni na biyu bayanta. Zamanin Sisero ke nan, lauya kuma ɗan siyasa da aka kashe a shekara ta 43 kafin Miladiyya, da mawaƙa irin su Birjil, Horas da Obid, da masanin falsafa Seneka wanda ya rasu a shekara ta 65 Miladiyya. In za a neme su a intanet, da sunayensu na Latin za a fi samun su: Cicero, Vergilius, Horatius, Ovidius, Seneca.

Duk karin magana ne irin namu na Hausa?

A'a, kuma rashin rarrabe su shi ne tushen yawancin kurakurai. Kashi uku ne.

Akwai karin magana na ainihi, wanda ba a san mai shi ba, ana jin sa a kasuwa da bakin tsofaffi. Romawa na ce masa *proverbium*. Misali *manus manum lavat*, hannu ke wanke hannu, daidai da namu na cuɗe ni in cuɗe ka.

Akwai *sententia*, baiti ko jimla mai kaifi da wani marubuci sananne ya tsara a cikin waƙa, wasan kwaikwayo ko wasiƙa, daga baya mutane suka cire ta suka riƙa yawo da ita. Mafi yawan abin da ake kira karin maganar Latin a yau daga wannan kashi yake. Tunda yanko ta aka yi daga cikin zance, tana da mai faɗa, da wanda aka faɗa wa, da dalilin faɗar. Wanda bai san waɗannan ukun ba rabin maganar kawai ya riƙe.

Na uku shi ne *regula*, ƙa'idar shari'a da aka dunƙule cikin kalmomi kaɗan.

Wa ya fi kowa barin irin waɗannan baitoci?

Wani bawa ne daga ƙasar Siriya, Publilius Syrus. An kai shi Italiya a ƙarni na ɗaya kafin Miladiyya, aka 'yanta shi, ya yi suna da wasannin barkwanci har ya ci gasa a gaban Yuliyus Kaisar. Wasanninsa sun ɓata. Abin da ya tsira shi ne baitoci kusan 700, kowanne layi guda, waɗanda aka jera bisa harafin farko ana koyar da yaran makaranta.

Biyu daga ciki sun isa nuna irin kaifinsa. *Fortuna vitrea est: tum cum splendet frangitur*: sa'a gilashi ce, daidai lokacin da take ƙyalli take fashewa. Sai *inopi beneficium bis dat qui dat celeriter*: wanda ya ba mabuƙaci da hanzari, sau biyu ya ba shi. Wannan na biyun ne aka gajarta ya koma *bis dat qui cito dat*. A lura cewa gajartawar ta zubar da kalmar *inopi*, mabuƙaci, alhali ita ce zuciyar baitin. Mutumin da ya san bauta ya san abin da jiran taimako ke yi wa mai jira.

Yaya ake furta su daidai?

Bahaushe na da sa'a a nan fiye da Bature, domin Latin na da abubuwa biyu da kunnenmu ya saba da su: dogon wasali da gajere, da kuma baƙi mai ruɓi. Kamar yadda jan wasali ke raba garin mutane da garin tuwo, haka yake raba *malum* mai gajeren a, wato sharri, da *malum* mai dogon a, wato tuffa. Haka *venit* da gajeren e "yana zuwa" ne, da dogon e kuwa "ya zo". Ƙamus mai kyau na ɗora ɗan layi a kan dogon wasali.

A furucin zamanin Sisero:

- c kullum k ne, ko da e ko i ke biye da shi. g kullum kamar na "gero".
- v kamar w yake. Saboda haka *veni, vidi, vici* na Kaisar, "na zo, na gani, na ci", weni widi wiki ne, duk wasulan dogaye.
- ae kamar ai na "kai". Sunan da ake rubutawa Caesar, Kaisar ake furta shi, yadda Larabci da Hausa suka riƙe shi.
- qu shi ne kw namu, j ko i a gaban wasali kuwa y ne.
- r ana kaɗa shi sosai.

Inda muke shan wahala shi ne p, wanda bakinmu ke mayarwa f. A rufe leɓɓa ruf kamar za a ce b, sannan a sake su ba tare da murya ba. Wajen nauyin murya, kalma mai gaɓa biyu a farkonta ake dannawa. Mai gaɓa uku ko fiye, a duba gaɓar da ke kafin ta ƙarshe: in doguwa ce, a danna ta, in gajera ce, a koma wadda ke kafinta.

Cocin Katolika na da nasa furucin mai kama da Italiyanci, inda c kafin e da i ke fita kamar c na Hausa. Lauyoyi kuma sun gaji furucin Ingila. Kowanne ya karɓu a muhallinsa, abin gudu shi ne gauraya biyu a jimla ɗaya.

Me ya sa fassarar kalma bayan kalma ke ɓata ma'ana?

Domin a Latin ƙarshen kalma ke nuna aikinta, ba wurin zamanta a jimla ba. A *manus manum lavat*, *manus* ne mai wankewa, *manum* ne wanda ake wankewa, ko an juya jerin kalmomin ma'anar ba ta motsi. Mai buɗe ƙamus ya ga "hannu, hannu, wanke" bai ga komai ba tukuna.

Ɗauki *cui bono*. Da yawa suna fassara shi da "mene ne amfaninsa?" Kuskure ne. Ma'anarsa ita ce "wa abin ya amfana?" Sisero ya ce wani alƙali mai suna Kasiyus ne ya saba yin wannan tambaya a shari'a. Shi kansa ya yi aiki da ita a shekara ta 80 kafin Miladiyya, lokacin da yake kare Roshiyus, wanda aka zarga da kashe mahaifinsa. Ya nuna wa kotu cewa gonaki 13 na mamacin ba hannun ɗan suka shiga ba, hannun waɗanda ke neman ganin bayansa suka faɗa. Aka sallami Roshiyus.

Ƙananan kalmomi ma na yaudara. A baitin Birjil *timeo Danaos et dona ferentis*, kalmar *et* ba "da" take nufi ba, "ko da" ce: ina tsoron Girkawa ko da kyauta suka kawo.

Shin carpe diem na nufin a ci duniya da tsinke?

Yadda ake sa shi a riguna ke nan, amma waƙar ta fi haka nutsuwa. Horas ya fitar da ita a shekara ta 23 kafin Miladiyya, a littafi na 1, waƙa ta 11, layuka takwas kacal. Yana magana ne da wata mace mai suna Leukonowe da ke bin masu duban taurari don ta san ƙarshen kwanansu. Ya ce ta daina, wannan sani an hana mu shi. Ta jure duk abin da ya zo, ta tace giyarta, ta rage dogon buri tunda zaman gajere ne. Sannan ya rufe da *carpe diem, quam minimum credula postero*.

*Carpere* aikin gona ne: tsinkar 'ya'yan itace ko fure. Wato a tsinki yau kamar nunannen ɗan itace, kada a dogara da gobe sai ɗan abin da ba a rasa ba. Babu wawura a ciki, babu gaggawa. A ganinmu, wanda ya fassara shi da "ƙwace ranar" ya zubar da abin da ya fi kyau a baitin.

Waɗanne ne aka juya wa ma'ana?

Suna da yawa, kuma nan ne daɗin karatun yake.

*Mens sana in corpore sano*, lafiyayyen hankali cikin lafiyayyen jiki, ya zama taken 'yan wasanni, har kamfanin takalma na ASICS ya samo sunansa daga wata sigarsa. Jubenal, wanda ya rubuta shi a waƙar zambonsa ta 10, ba motsa jiki yake magana ba. Ya bi abubuwan da mutane ke roƙo ɗaya bayan ɗaya, mulki, fasaha, nasarar yaƙi, tsawon rai, kyau, yana nuna yadda kowanne ya halaka wanda ya samu. Sai ya ce in dai roƙo za a yi, a roƙi lafiyar hankali da ta jiki, da zuciyar da ba ta tsoron mutuwa. Addu'a ce.

*Non scholae sed vitae discimus*, don rayuwa muke koyo ba don makaranta ba, yana kan ƙofar makarantu da dama da sunan Seneka. Abin da Seneka ya rubuta a ƙarshen wasiƙarsa ta 106 kishiyar haka ne: *non vitae sed scholae discimus*. Kuka yake yi cewa karatun zamaninsa ya koma na aji, ba ya amfanar rayuwa. Na baya ne suka juya kukan ya zama buri. Buri ne mai kyau, sai dai kada a ce lafazin Seneka ne.

*Labor omnia vincit*, aiki na rinjayar komai, taken jihar Oklahoma ne a Amurka. Birjil ya rubuta *labor omnia vicit improbus* a waƙarsa ta noma. An sauya lokacin aikatau daga "ya rinjaya" zuwa "yana rinjaya", an kuma yar da *improbus*, wato marar tausayi, mai gallazawa. Yana bayanin yadda wahala da talauci suka tilasta wa ɗan Adam ƙirƙiro sana'o'i bayan zamanin da ƙasa ke ba da abinci ba noma. Manomi zai fi kowa gane dalilin da ya sa ya kira aikin marar tausayi.

*Audentis fortuna iuvat*, sa'a na tare da masu ƙarfin hali. A wata waƙar Birjil ta yaƙi mai suna Aeneid, jarumi Turnus ne ya faɗe ta yana zuga mayaƙansa, shi ne kuma aka kashe a layukan ƙarshe na waƙar. Filini Babba ya faɗi makamanciyarta a shekara ta 79 Miladiyya yayin da ya tura jirginsa wajen dutsen Besubiyus mai aman wuta don ceto mutane, kuma can ya rasu, kamar yadda ɗan 'yar'uwarsa ya rubuta.

*Homo sum, humani nihil a me alienum puto*: mutum ne ni, babu abin da ya shafi ɗan Adam da nake ɗauka baƙo a gare ni. A wasan Terens na shekara ta 163 kafin Miladiyya, wani tsoho mai shisshigi ne ya faɗe ta, bayan maƙwabcinsa ya tambaye shi ko ba shi da aikin yi ne da yake sa baki a harkar wasu. Tun zamanin Romawa maganar ta fi ƙarfin mai faɗarta: Seneka ya kawo ta a wasiƙarsa ta 95 a matsayin abin da ya kamata ya zauna a zuciya da baki.

*Quis custodiet ipsos custodes*, wa zai tsare masu tsaron su kansu? Yau kan 'yan sanda da alƙalai ake faɗarsa. Jubenal kuwa masu gadin matan aure yake nufi.

Akwai waɗanda ba Romawa suka faɗa ba?

Akwai, domin Latin ya ci gaba da zama harshen ilimi a Turai fiye da shekara dubu bayan faɗuwar Roma. *Cogito ergo sum*, ina tunani saboda haka ina nan, na Dekat ne, Bafaranshe, ya fara rubuta shi da Faransanci a 1637, sigar Latin ta fito a 1644. *Vox populi vox Dei*, muryar jama'a muryar Allah, yana cikin wasiƙar da malami Alkuwin ya aika wa Sarki Shalman wajen shekara ta 800, kuma gargaɗi yake yi kada a saurari masu faɗin haka. *Et tu, Brute*, har da kai Burutus, wanda ake cewa Kaisar ya faɗa da aka kashe shi, wasan Shakespeare ne ya yaɗa shi. Masanin tarihi Suwetoniyus ya ce Kaisar bai furta kalma ba da aka soke shi, ko da yake wasu sun ruwaito ya yi wa Burutus magana da Girkanci.

*Festina lente*, yi sauri a hankali, shi ma da Girkanci Sarki Agustus ke faɗarsa. Yana ƙara wa kwamandojinsa da cewa mai jefa abu babba cikin haɗari don ƙaramar riba kamar mai kamun kifi ne da ƙugiyar zinariya: in ta tsinke, babu kifin da zai biya ta.

Me ya sa lauyoyi ba sa rabuwa da Latin?

A shekara ta 533 Sarki Justiniyan ya sa aka tattara fatawoyin manyan masana shari'ar Roma cikin littattafai 50. Babin ƙarshe na littafi na 50 ƙa'idoji ne zalla, guda 211. Daga nan suka shiga dokokin Turai. Nijar ta gaje su ta hanyar Faransa, Najeriya ta hanyar Ingila.

Biyu da aka fi ji a kotunan Najeriya su ne *audi alteram partem*, a saurari ɗaya ɓangaren, da *nemo judex in causa sua*, ba wanda zai zama alƙali a shari'ar kansa. Su ne ginshiƙan adalcin sauraro da sashe na 36 na kundin tsarin mulki na 1999 ya tanada. Akwai *nemo dat quod non habet*, ba mai ba da abin da ba shi da shi: wanda ya sayi fili ko babur a hannun wanda ba mai shi ba, a ƙa'ida bai mallaka ba ko ya biya kuɗi, sai a wuraren da doka ta keɓe. Ɗaliban fiƙihu kuma za su gane maganar Faulus, masanin shari'ar Roma, *ei incumbit probatio qui dicit, non qui negat*, hujja na kan mai da'awa ba kan mai musu ba, domin ta yi daidai da rabin farko na ƙa'idar Musulunci ta hujja a kan mai da'awa, rantsuwa a kan wanda ya musa.

Romawan da kansu ba su yarda a mai da ƙa'ida gunki ba. Wancan babi ya buɗe ne da gargaɗin Faulus cewa ba daga ƙa'ida ake ciro doka ba, daga dokar da ke akwai ake ƙera ƙa'ida. Sisero ma ya kawo *summum ius summa iniuria*, tsananin bin harafin doka tsananin zalunci ne, da misalin wani kwamanda da ya ƙulla tsagaita wuta ta kwana 30, sannan ya riƙa ɓarnata gonakin abokan gaba da dare, wai yarjejeniyar rana ta ambata.

Akwai masu kama da karin maganar Hausa?

Akwai, ba tare da wani ya ara daga wani ba. *Festina lente* na tafiya da sauri ya haifi nawa. *Gutta cavat lapidem* na Obid, ɗigon ruwa na huda dutse, ɗan'uwan yau da gobe ke sa allura ginin rijiya ne. *Principiis obsta*, tare abu tun farkonsa, shi ne icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Baitin Horas cewa masu ƙetare teku sama suke sauyawa ba zuciya ba, hali zanen dutse ke nan. Tambayar Jubenal kan masu tsaro kuwa, mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

Mai fassara ya kula da bambanci ɗaya. Karin maganar Hausa kan ɓuya a bayan hoto, kura ko ƙwarya ko rijiya, ya bar mai sauraro ya warware. *Sententia* kan faɗi hukuncin ƙarara. In aka musanya ɗaya da ɗaya a rubutu, a kawo ma'anar Latin ɗin tukuna, sannan na Hausa ya biyo a matsayin makamanci.

Me suka ce game da Afirka?

*Ex Africa semper aliquid novi*, kullum Afirka na fito da sabon abu. Gyararren lafazi ne na abin da Filini Babba ya rubuta a littafi na 8 na tarihin halittu, shi ma karin maganar Girkawa ya ce yake kawowa. Namun daji yake magana a kai, waɗanda ƙarancin ruwa ke tarawa a mashaya ɗaya. Afirka a bakin Romawa da farko yankin Tunisiya ta yau ce. Can aka haifi Terens, a birnin Kartaj, aka kai shi Roma bawa.

Muna son take na Latin a bajen makarantarmu. Ta ina za mu fara?

Ba sabon abu ba ne a Afirka ta Yamma: Jami'ar Ibadan na da *Recte sapere fons*, Jami'ar Ghana na da *Integri procedamus*. Sai dai rubutun da aka ɗinka a riga dubu ba ya gyaruwa da sauƙi, don haka a bi a hankali.

Da farko a nemo asalin maganar: marubuci, littafi, lambar layi. Rumbun Perseus na Jami'ar Tufts da The Latin Library na da matanin kyauta. In an kasa samun layin, kada a jingina wa kowa maganar. In an samu, a karanta layi goma kafinsa da goma bayansa a fassara, a ga wa ke magana kuma me ya same shi.

Sai a duba ƙarshen kalmomi, inda aka fi yin ɓarna. *Sapere aude*, yi ƙarfin halin neman sani, umarni ne ga mutum ɗaya, ga jama'a *sapere audete* ne. *Semper paratus*, kullum a shirye, namiji ɗaya ne. Mace ɗaya *parata*, maza ko gauraye *parati*, makarantar 'yan mata zalla *paratae*. Haka tsohon ɗalibi *alumnus*, tsohuwar ɗaliba *alumna*, jam'in maza ko gauraye *alumni*, na mata *alumnae*.

Kada a ba na'urar fassara jimlar Hausa ko Turanci a ce ta mayar Latin, domin takan jera kalmomi masu kama da daidai da ƙarshen da bai dace da juna ba. Kalma biyu zuwa huɗu sun isa. A zaɓi tsarin rubutu ɗaya, *ius* ko *jus*, a tsaya a kansa. In da manyan haruffa za a sassaƙa a dutse, tsohuwar al'ada V take sawa a gurbin U. Kafin a kai wa mai ɗinki ko mai zane, a nuna wa wanda ya karanci harshen, kamar malaman sashen nazarin Girkanci da Latin na Jami'ar Ibadan ko limaman Katolika da suka yi shi a makarantar horo, sannan a sake duba samfurin farko harafi bayan harafi kafin a ba da izinin buga sauran.